Rubu'in Juyi

Ranar Laraba, ruwa ya ɗauke da la'asar,
Habila ya sauka daga adaidaita a bakin shagona a Fagge,
rungume da jita kamar mai kai yaro asibiti.
Ya ce, "Zuza take. Ran Lahadi ta ba ni kunya a coci.
Gaɓa ta biyu, ta uku, sai ka ce ƙuda a kwalba."

Na ture rediyon wani da hanjinsa a waje,
na shimfiɗa tsohon tawul, na kwantar da ita.
Na ɗaga kanta daidai idona, na kanne ɗaya,
na bi wuyan da kallo yadda magini ke duban katanga.
Ya gantsare. Kaɗan dai. Aikin damina ne.
Katako ba ya manta cewa shi bishiya ne,
da ya ji ƙanshin ruwa sai ya motsa.

Na danne tsirkiya a gaɓar farko, na danne a ta ƙarshe,
na leƙa tsakiya ina neman ɗan haske.
Babu.
Ko katin waya da aka kankare bai ratsa ba.

Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan, ba a ganinta.
Tsirkiya shida na ja gaba, ita tana ja baya,
dare da rana, ba sulhu,
kuma a wannan gardamar lafiyar jita take.

Na kwance marfi, ƙusa uku, na zuba su a kofin shayi.
Na zura alanki. Hagu. Rubu'in juyi.
Ta yi ƙas, ɗan nishi.
Na janye hannu.

"Shi ke nan?" in ji Habila. "Ƙara mana."
Na ce ka dawo gobe bayan azahar.

Bai san ina da shekara sha bakwai ba
ranar da Baba Ilu, mai kiɗa a otal ɗin Sabon Gari,
ya bar mini jar jitarsa ya tafi cin tuwo.
Na so ya dawo ya tarar na gama.
Na murɗa, na murɗa, na ƙara da ƙarfin kafaɗa,
sai na ji ɓas daga can ciki.
Bai mare ni ba. Ya daɗe yana shafa wuyan,
ya ce, "Ɗauki, taka ce. Rataye ta inda za ka riƙa gani."
Tana nan saman ƙofa, shekara talatin da ɗaya.

Da dare na zare tsirkiyoyin ɗaya ɗaya,
na kankare dauɗar yatsu da ta taru gefen ƙarafa,
gumin Lahadi nawa ne wannan, Allah masani.
Ɗigo biyu na mai a tsumma, ba uku ba.
Katakon ya sha, ya yi duhu, ya yi sheƙi.

Alhamis babu wuta.
Muka ja waya daga janaretan Sadau mai aski.
Kati ya ratsa yau, da ƙyar, yana gogar tsirkiya.
Habila ya ɗaura, ya saita, ya buga gaɓa ta biyu,
sauti ya fita tas har mai lemo ya waigo.

Na ce kada ka jingina ta da bango,
kada ka bar ta a but ɗin mota da rana,
in ka ci tsire ka wanke hannu.

"Dubu uku a kan ɗan juyin nan?"
Na nuna masa saman ƙofa da haɓa. Bai gane ba, ya biya.

Ka dawo in rani ya kama, Habila.
Za ta sake motsi,
wancan karon dama zan juya.